Yadda Malam Ubaidullah Ya Zama Baba Fate

Duk wanda ya yi aiki a ma'aikatar su Malam Ubaidullah, in dai ya taɓa makara, to ko bai san fuskar mutumin ba ya san jan bironsa. A sashen kula da ma'aikata ya yi rayuwarsa, tun yana saurayi mai siririn wuya har ya zama dattijo mai tumbi, kuma babban aikinsa rubuta takardar tuhuma. Ka makara, takarda. Ka tashi da wuri, takarda. Ka yi dariya da ƙarfi a baranda, sai ya leƙo ta saman tabarau ya dube ka har sai dariyar ta koma inda ta fito.

Haifaffen Zariya ne, Bazazzagi gaba da baya, amma Allah bai ba shi ko ɗigon barkwancin mutanen garinsu ba. Kowa ya san tsakanin Zazzagawa da Kanawa akwai wasa tun kaka da kakanni. Bakano ya ga Bazazzagi sai ya tambaye shi ina ya baro kwanon fate, Bazazzagi kuma ya ce masa ya goge garin gurasar da ke gemunsa tukuna. Ba a fushi, kuma ba a yin shiru, domin wanda aka tsokana ya kasa ramawa ya jawo wa garinsu duka abin kunya. To shi Malam Ubaidullah sai ya je ya auro Bakanuwa, Hajiya Ummukulthum, mace mai bakin da ba ya hutawa. Tun tana amarya take tsokanarsa. Ta ce, “Malam, yau na yi maka faten gado, kada ka suma don murna.” Shi kuwa sai ya ce, “Na gode, Hajiya,” ya ci, ya wanke hannu. Shekara da shekaru tana jifa, babu abin da ya taɓa dawowa. Har ta soma zargin ko a asibiti aka musanya shi.

Da ya yi ritaya aka yi masa walima, aka ɗauke shi hoto cikin babbar riga ya haɗe rai kamar wanda aka ce ya biya kuɗin lemon, aka kawo shi gidansa da ke unguwar Doka aka sauke. Washegari da safe ya yi wanka, ya sa hula, ya soke jan biro a aljihu, sannan ya tuna ba shi da wurin zuwa.

Ya fara da majalisar ƙofar gida, inda dattawan layi ke zama bayan la'asar. Mutane suna hirarsu ta tsadar shinkafa da ciwon gwiwa, sai ya ce ya kamata a riƙa fitar da ajanda, kuma mai son magana ya ɗaga hannu. Ba su yi masa musu ba. Sun dai ɗauke bencin sun mayar da shi bayan layi, ba su gaya masa ba. Ya koma kwamitin masallaci, ya nemi a karanto masa abin da aka tattauna a zaman baya. Daga nan zaman kwamiti ya riƙa faɗowa daidai ranar da ba ya gari.

Saura gida. Nan fa Hajiya ta ga ta kanta. Mutum ya ɗauko kujera ya dasa a ƙofar kicin, yana duban agogo yana duban tukunya. Me ya sa abincin rana ya wuce lokaci? Wa ya ba da izinin canza mazaunin gishiri? Ranar da ya ce ta yi masa bayanin yadda aka yi man gyaɗa ya ƙare kafin ƙarshen wata, ta ajiye muciya ta ce, “Malam, ko dai ka samo wasu mutanen da za ka shugabanta, ko ni in tattara in koma Kurmin Mashi wajen Sadiya. Ɗiyata tana da ɗaki, kuma gishirinta yana zama inda ya ga dama.”

Ana cikin haka Allah ya jefo Hamisu. Hamisu Bakano ne, tsohon direban ma'aikata, wanda ya karɓi takardar tuhuma daga hannun Malam fiye da kowa, yawanci a kan cin abinci cikin motar gwamnati. Ya bar tuƙi ya kama sana'ar waya, ya yi ƙiba, yana zaune a Hayin Banki. Ya zo gaishe da tsohon ogansa ne, Hajiya ta tare shi a soro ta ce, “Hamisu, don girman Allah ka samar wa ogan nan naka abin yi, ko da gadin tattabaru ne.”

Hamisu ya durƙusa ya yi gaisuwa, sannan ya yi bayanin sana'arsa.

“Dillanci ne, ranka ya daɗe, sai dai ba ka ɗaukar kaya a ka. Akwai wani kanti a intanet mai sayar da kayan gida, kuloli, fitilun sola, injin markaɗe, su tukwane. Sai su ba ka linki, wato wata 'yar hanya mai ɗauke da shaidarka. Ka tura wa mutane. Duk wanda ya danna ya saya, kanti ya ba ka la'ada.”

“To ni ina ruwana da wannan?”

“Muna da guruf a WhatsApp, ranka ya daɗe, Zauren 'Yan La'ada. Ni na buɗe shi. Akwai direbobi, masu tura baro, matan aure, ɗalibai, mutanen Kano da Katsina da Zamfara da 'yan gari. Don mu riƙa koya wa juna dabara na buɗe. Amma kowa sai ya shigo ya jefar da linkinsa ya gudu, kamar mai zubar da shara a ƙofar maƙwabci. Ba sallama, ba sannu. Kasuwa ce da kowa mai sayarwa ne. Su kuma mutanen kanti, guruf mai rai suke fara ba sabon kaya. Ina neman admin, wanda zai sa mutane su yi magana.”

Malam ya gyara zama. “Admin. Wato shugaba.”

“Kusan haka.”

“Yana da ikon hukunci?”

“Yana iya goge saƙo, yana iya cire mutum.”

Idon Malam ya yi wani haske da Hajiya rabonta da gani tun ranar da aka ƙara masa girma. Hamisu dai ɗan kasuwa ne, sai ya gindaya sharaɗi. Ya ce daga nan zuwa Babbar Sallah, in zauren bai farfaɗo ba, zai miƙa kujerar ga Salamatu mai atamfa, wata Bakanuwa maƙwabciyarsa wadda ta daɗe tana nema. Malam ya ce ya shugabanci mutanen da suka fi waɗannan taurin kai.

A ranar ya sa hoton walimarsa a matsayin hotonsa na WhatsApp, ya mayar da kujera daga ƙofar kicin zuwa falo. Hajiya ta yi sadakar ƙosai.

Matakin farko, ya ba da sanarwa cewa kowane mamba zai riƙa shigowa da safe ya rubuta cikakken sunansa don a san ya halarta. Mutum ɗaya ya halarta, shi ne admin. Mataki na biyu, ya fitar da taken tattaunawa: Muhimmancin Da'a Da Kiyaye Lokaci A Harkar Talla. Ya zauna yana jira da shayinsa. Can sai waya ta yi ƙara, ya yi wuf ya duba, linkin injin markaɗe ne. Ta sake ƙara, linkin takalmin yara.

Da haƙurinsa ya ƙare ya koma ga abin da ya fi ƙwarewa. Ya rubuta wa zaure duka takardar tuhuma, doguwa, mai sakin layi, yana neman kowa ya yi bayanin dalilin da zai hana a ɗauki matakin ladabtarwa a kansa. Amsa ɗaya ta zo, daga wani Bazamfare mai suna Sule, mai sayar da rake a Kawo. Sule ya rubuta, “Amin ya Allah.” Shi duk dogon saƙo a wurinsa addu'a ce, ba ya karantawa. Bayan wannan sai waya ta riƙa nuna wane ya fita, wance ta fita.

Raguna suka soma bayyana a bakin titi, alamar Sallah ta matso. Malam ya rage cin abinci. Wata rana Hajiya ta gan shi ya tsaya yana duban ƙofar kicin da irin kallon da mutum ke yi wa tsohon ofishinsa, sai ta shiga ɗaki ta sauko da akwatinta daga saman sif ta ajiye inda zai gani.

Ana nan sai kanti ya aiko wa Hamisu wata ƙatuwar kula ta gwaji, irin wadda ake zuba abincin biki. Hamisu ya aiko da ita Doka, ya ce admin ya gwada ya rubuta wa 'yan zaure bayaninta, ko banza a san yana aiki. Malam ya ɗauki abin da muhimmanci. Ya sa Hajiya ta dafa shinkafa da wake ta cika kular da hantsi, ya rufe da hannunsa, ya ce ba mai buɗewa sai magariba, a ga iya riƙon zafinta.

Da azahar Hamisu ya biyo don ya ji yadda gwaji ke tafiya. Malam ya tafi masallaci. Hajiya ta ce ga kular can a falo. Hamisu ya ce bari ya ɗan duba ko da zafi. Da zafi kuwa. Ya ce bari ya ɗanɗana ya ji ko zafin ya kai ƙasa. Hajiya, da yake ɗan garinsu ne, ta miƙo masa mai da yaji. Ko da Malam ya dawo, ya tarar da tsohon direbansa ya jingina da kujera yana gumi, kula kuma ana ganin gindinta.

Malam ya ɗauko wayarsa. Mutum ne mai rubuta abin da ya faru, ba ƙari ba ragi. Ya sa tabarau ya rubuta rahoto, ya liƙa linki a ƙasa, ya tura:

“Rahoton gwajin kula. Tana ɗaukar abincin mutum goma. Murfinta yana rufuwa da kyau. Ba a samu damar sanin tsawon lokacin da take riƙe zafi ba, saboda Bakano ya zo.”

Ya ajiye waya ya shiga alwalar la'asar, ransa a ɓace saboda gwaji ya lalace.

Kafin ya fito wayar tana rawa a kan tebur kamar an jefa ta cikin mai. Saƙon murya na farko daga Salamatu mai atamfa ne, wadda tun da ya hau kujera ba ta taɓa ce masa ko sannu ba.

“Jama'ar Kano kuna ina? Kuna barci Bazazzagi ya shigo har gida ya taka mu. Baba admin, ina gaisuwa, amma a gaya min, mutumin da abincin garinsu ba a taunawa, shi ne zai yi mana gorin ci? Ga linkin ludayi nan, babba, na shan fate. Ku saya wa admin kada ya ƙone hannu.”

Sai ga Zazzagawa sun ɓullo. Ashe suna nan da yawa, sun yi lamo kamar ba su. Wani ya turo linkin sikeli ya ce na auna Bakano ne kafin biki da bayan biki. Kanawa suka rama da linkin bokiti mai murfi, wai kular Zazzagawa ke nan in za su yi tafiya. Wata ta sa linkin kwaɗon kulle ta ce duk mai maƙwabci Bakano ya saya wa tukunyarsa. Waɗanda suka fita suka riƙa roƙon a mayar da su, domin labari ya kai musu.

Malam ya tsaya da carbi a hannu ya ce, “Hajiya, mutanen nan sun haukace. Rahoto fa na rubuta.”

Hajiya ta karɓi waya ta karanta, ta zauna a ƙasa, ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Ta ce, “Shekara nawa ina jiran ka rama, ashe sai ka yi ritaya za ka rama, kuma ba da saninka ba. Malam, tsokana ka yi. Ka tsokani Kano gaba ɗayanta.”

“Ni ban tsokani kowa ba. Hamisu ne ya cinye.”

“To kada ka gaya wa kowa haka. Ka bari a ɗauka kana da basira.”

Abin bai tsaya a zaure ba. Mutane suka riƙa tura rahoton nan zuwa guruf ɗin dangi da na 'yan makaranta da na unguwa, linki yana biye da shi. Zazzagawa masu surukai a Kano suka riƙa sayen kular suna aika musu, ba don komai ba sai don neman magana. Kanawa suka riƙa aika ludayi. Fulani da Barebarin da ke zauren suka ga ba za a bar su a baya ba, suka buɗe nasu fagen. Sule mai rake, wanda bai taɓa rubuta abin da ya wuce amin ba, ya yi saƙon murya yana ƙorafi: “Wai mu Zamfarawa ba mutane muke ba? Kowa ana zagi nai, mu an ƙyale mu. A samo muna abokin wasa.” A tsakanin tsokana kuma sai ka ji wata ta tambaya yaya ake sa linki a sitatus na WhatsApp ba tare da dangi sun toshe mutum ba, wani ya ba ta amsa, wani ya ce kada a tallata fitilar nan mai shuɗin kai, masu saye suna dawowa da ita. Abin da Hamisu ya buɗe zauren dominsa ke nan tun farko.

Malam ya so ya tsara abin, ya ware ranar Kanawa da ranar Zazzagawa, kowa ya nemi izini kafin ya yi tsokana. Hajiya ta ɓoye tabaransa har tunanin ya wuce.

Ana jibi Sallah Salamatu ta yi aika-aikar da ta kusa rusa komai. Ta ɗauki hoton walimar Malam, babbar riga da haɗe rai da komai, ta sa aka ɗora masa kwanon fate a ka, aka mayar da jan biron aljihunsa cokali, aka rubuta Baba Fate a ƙasa. Ta mayar da shi sitika, irin ɗan hoton da ake jefawa cikin hira. Kafin la'asar duk wanda aka yi wa magana sai ya amsa da fuskar Malam da kwano a ka. Har Zazzagawa, maciya amana, suna turawa.

Malam ya gani. Mutumin da manyan daraktoci ke gyara hula in za su wuce ofishinsa, yau shi ne da kwano a ka a wayar mai rake. Ya buɗe sunan Salamatu, ya kai yatsa kan wurin da ake cire mutum.

Hamisu, da ya zo kawo wa Hajiya kayan miyar Sallah, ya hango abin da ke shirin faruwa. Ya durƙusa.

“Ranka ya daɗe, ikonka ne. Amma in ka cire ta, Kanawa za su ce Bazazzagi ya ji zafin wasa ya yi fushi, su bi ta. Zazzagawa kuma kunya ta hana su magana. Zaure ya koma maƙabarta, ni kuma dole in nemi wani admin.”

“Hamisu, kwano ta ɗora min.”

“Ya yi maka kyau kuwa, ranka ya daɗe.”

Hajiya ta miƙe. Ta jawo akwatinta zuwa tsakiyar falo ta soma ninke zannuwa a ciki, a hankali, tana 'yar waƙarta.

Malam ya dubi akwati, ya dubi ƙofar kicin, ya dubi kansa da kwano. Sannan ya janye yatsa, ya gyara tabarau, ya ce, “Takardar tuhuma zan ba ta.”

Hamisu ya dafe kai. Hajiya ta ƙara zane biyu a akwati. Malam ya yi ta rubutu yana gogewa, goshinsa ya yi gumi kamar mai ɗaukar buhu, domin abin da yake ƙoƙarin yi bai taɓa yin irinsa da gangan ba. Da ya tura, Hamisu ya buɗe tasa wayar ya karanta a fili:

“Zuwa ga Malama Salamatu. An lura kin ɗora wa admin kwanon fate a ka ba tare da izini ba. An bincika faten, an same shi tsararo, babu rama, babu yakuwa, babu gyaɗa. Wannan faten Kanawa ne, an tsuke kayan haɗi don a ci riba. Ki yi bayanin dalilin da zai hana a tura ki Zariya kwas. A halin yanzu admin zai ci gaba da ɗaukar kwanon, saboda in ya sauke Bakano zai zo.”

Hamisu bai kai ƙarshe da murya ɗaya ba saboda dariya. Salamatu ta turo saƙo tana shaƙewa da dariya, ta ce, “Baba, na karɓi laifina. Kujera taka ce, ni ba zan iya da kai ba. Amma kwano yana nan.” Sule mai rake ya rubuta, “Amin ya Allah,” kuma wannan karon an tabbatar ya karanta.

Hajiya ta zazzage akwati ta mayar da shi saman sif.

Yanzu in ka bi ta Hayin Banki ko kasuwar Kawo ka ga wani dattijo mai jan biro a aljihu yana tafe ya haɗe rai, ka ɗan jira. Za ka ji wani daga cikin shago ko daga kan babur ya ce, “Baba Fate, ina kwanon?” Ba ya murmushi, wannan kam sai dai a haƙura. Yana dai rage sauri, ya leƙo ta saman tabarau, ya ce an ba Bakano ajiya, ba a sa ran dawowarsa. Dattawan layinsu ma sun dawo da benci ƙofar gidansa, ko da yake sun ce ranar da ya ambaci ajanda za su sake ɗaukewa.

Wadda abin ya juye wa ita ce Hajiya Ummukulthum. Ta samu kicin ɗinta, gishiri yana zama inda ya so, amma mutumin da ta yi shekaru tana jifa ya koyi ramawa da tsufansa, kuma bai san lokacin dainawa ba. Ran nan ta kawo masa abinci ta ce, “Malam, ga faten gado.” Ya buɗe kwano ya duba, ya rufe, ya ce, “Hajiya, wannan rabi ne. Kanawa nawa suka biyo ta kicin ɗin?”

“Ɗaya ce,” in ji ta, “kuma ita ta dafa.”

Ya ciro jan biro ya ce to ta yi bayani a rubuce.